Shaidar Zur da Na Yi a Kan Burtali

Ni manomi ne ɗan manomi, daga wani ƙauye a gefen Tsanyawa. Ban rasa ci ba, ban rasa sha ba. Ciwona ɗaya ne: Sale, ɗan baffana, mai gona kusa da tawa. Ruwa ɗaya ke sauka mana, amma in na ɗaure dami talatin, shi sai ya ɗaure hamsin. Duk inda na zauna yabonsa ake yi, raina yana ƙuna.

Da ƙananan abubuwa na fara. Na matsar da gambar iyaka, na kora awaki cikin wakensa. Hassada ga mai rabo taki ce, gaba kawai yake yi.

Wata damina aka tsinci gawar wani falke a bayan gari. Ba wanda ya tambaye ni. Da ƙafata na je wurin 'yan sanda, na ce ina gonata na hango Sale yana saran mutumin a Burtalin Kuka. Aka kama shi. Na san hukuncin rataya ne, amma wallahi ranar na ci tuwo da daɗi.

Shekara biyu ana shari'a a Kano. Sunan hanyar ne ya ɗaure wa alƙali kai. Ni na ce Burtalin Kuka, wanda ya tsinci gawar ya ce Hanyar Maƙera, takardar 'yan sanda kuma ta ce Titin Kasuwa. Alƙali ya ce sai ya gani da idonsa. Da ya zo, mai unguwa ya nuna masa duk hanya ɗaya ce, tsofaffi da sunansu, matasa da nasu. Har za a watse, alƙali ya ce in kai shi inda na tsaya. Zuwan nasa kuwa ya faɗo daidai watan da aka yi kisan, dawa ta fi tsawon mutum.

"Malam, nuna mini burtalin daga nan."

Na duba gabas da yamma, ban ga komai ba sai ganyen dawa.

Aka saki Sale, ni aka ɗaure ni shekara biyar. Da na fito na tarar da rumbuna cike. Matata ta ce duk shekarun nan Sale ne ke nome mana gona. Kun san abin da ya fara faɗo mini a rai? Har a gonata ma ya fi ni. A nan na tsorata da zuciyata. Na je na durƙusa gabansa, ya yafe mini.

Samari, in alherin ɗan'uwanku ya sosa muku rai, ku ce Allah ya ƙara masa, ko da a baki ne, har zuciya ta biyo baya. Ni har yau tawa nake jira.