Baduku Na'Allah da Madubin Karatuna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, tara ga Rajab, shekara ta 1271 bayan Hijira, da hantsi, Allah Ya karɓi ran abokina Na'Allah, baduku a nan birnin Sakkwato, bayan doguwar jinya. Na yi kuka, amma ba zan ɓoye ba, Na'Allah, zuciyata ta sami sauƙi. Ka huta, kuma ban ji kunyarka ba.

Ka tuna shekarar da idona ya fara rauni ina tsakiyar rubuta Alƙur'ani? Na sayi madubin karatu wurin fataken Gadamas. Baƙaƙe suka fito manya, sai dai kowanne da ja a gefe ɗaya, shuɗi a ɗaya gefen. Mu kuwa da jar tawada muke sa wasali. Na kasa rarrabe jan da na sa da jan da ban sa ba. Tsoron kuskure a Littafin Allah ya kama ni, na ajiye alƙalami, na ɗauka makanta ce ta yi sallama.

Ka zo, ka yi mini dariya kamar yadda ka saba, ka fita da madubin cikin rana ka karkata shi. Launuka suka zubo a kan farar rigarka kamar bakan gizo. Ka ɗauko wani dutsen ado mai garai-garai da kake ɗinka wa fata, shi ma ya watsa nasa launukan, amma ba su kai na madubin faɗi ba. Ka ce, "Malam, idonka lahiya lau shi ke. Wanga madubi shi ka raba haske. Kowanne da irin nashi rabon, kuma baki-baki abin ya hi yawa." Ka ɗinka masa zoben baƙar fata, ka rufe gefen, ka bar tsakiya. Jan ƙarya ya ragu har na koma aiki.

Ka ƙi karɓar lada. Abu ɗaya ka roƙa: in na gama Alƙur'anin, ka riƙe shi da hannunka. Sai ciwo ya kwantar da kai, ni kuwa ga nawar rubutu. Kullum na ji sallama a zaure sai gabana ya faɗi, kada a ce ka rasu ban gama ba.

Ranar Litinin na kai maka shi cikakke. Matarka Bara'atu ta tallafa maka, ka riƙe shi da hannunka. Ka daɗe kana duban shafin farko, sannan ka ce, "To, Junaidu, ka cika. Saura ni."

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ciwon nan ya zama kaffara. Bara'atu da 'yarka Sadiyatu, Allah Ya ba ku haƙuri. Duk harafin da aka karanta a littafin nan, ya Ubangiji, Ka kai masa rabonsa.