Labulen da ya sauko a idon Hamma Buba

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar yayana, Hamma Buba, amma har yau in na tuna yadda ya makance sai raina ya ɓaci kamar jiya abin ya faru.

Malamin auduga ne a nan Gombe, zamanin da kuɗin mai ya fara shigowa. Tun yana ƙarami ba ya hangen nesa, tabarau mai kauri yake sawa. Amma in ya cire shi ya kawo auduga dab da hancinsa, babu mai tantance ta kamarsa. Shi ya samo mini aikin akawu a ofishinsu.

Ana tsakiyar kaka ya fara ganin walƙiya a gefen idonsa na dama, da wasu baƙaƙen ɗige-ɗige masu yawo kamar ƙudaje. Mai kemis ya ce gajiya ce, ya ba shi maganin ɗigawa. Bayan kwana uku ya ce mini wani abu kamar labule yana saukowa ta saman idon. Wata nas maƙwabciyarmu a unguwar Dawaki ta ce kada ya ƙara kwana, ya tafi Kano wurin likitan ido. Ya rubuta takardar neman izini, ni na kai wa manaja da hannuna.

Manajan ya karanta, ya jefa a aljihun tebur. "Mutumin da dama can ba gani yake ba? A gama kaka tukuna."

Ban ce uffan ba. Sunana yana cikin waɗanda za a ƙara wa girma a shekarar. Na koma na ce wa Hamma ya daure, sati uku ne kawai.

Sai da aka kwashe auduga muka isa Kano. Likita ya ce masu irin idonsa tantanin da ke can bayan ƙwayar siriri ne, yakan yage ya ɓalle, kuma da a makon farko muka zo da an liƙe shi. Haka ya rasa idon dama. Na hagun ya bi sahu daga baya, an yi aiki bai kama ba. Ofis ya sallame shi da takardar godiya wadda ba zai iya karantawa ba. Manajan kuwa ya yi sabuwar mota, ya tare a GRA. Ni ma na samu ƙarin girmana.

Da Hamma zai ga Gombe ta yau, da na'urorin duba ido a cikin gari, zai yi murna. Amma me zai ce da ya ji har yanzu mai ganin walƙiya a ido kemis yake fara zuwa, ma'aikaci kuma sai ya yi roƙo kafin a bar shi ya ga likita? 'Ya'yansa dai sun ɗauki darasi, duk mai tabarau a gidan sai an duba masa bayan ido kowace shekara. Wannan ne gadon da ya bari.

Sau ɗaya tak ya tambaye ni, muna zaune a ƙofar gida: "Sale, ranar da ka kai takardar nan, me ka ce masa?"

Na ce na roƙe shi iyakar roƙo. Ya lalubo hannuna ya riƙe, ya sa mini albarka. Har aka binne shi ban gyara wannan magana ba.