Gayyar Gonar Gola

Har yau in ruwan farko ya sauka na ji ƙamshin ƙasa, ba gero nake fara tunawa ba. Ekip ɗinmu ta balo, wato ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa, nake tunawa, sai raina ya ɓaci.

Ni tela ne. Fadarmu ta magoya baya tana ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro a unguwar Birni, jikin shagona. Da an yi la'asar kowa zai taso daga aikinsa, a hura gawayi, a ɗora butar shayi, a kama zancen balo har a kira magariba. A shekarar da nake faɗi ekip ta lalace, duk wanda ya zo sai ya zuba mana balo a raga ya tafi. Tsohon shugaban kulob ya rasu, wani ɗan kasuwa ya karɓa ya zama parzidan. Bai yi wata-wata ba ya sallami mai horarwarmu na dā, ya ɗauko sabo daga babban birni, matashi mai takardu da wani farin allo da yake zana kibiyoyi a kai. Antirenar muke ce masa.

Nan fada ta rabu biyu. Yayana, direban kamyo, babbar motar kaya, mai muryar da ba ta buƙatar lasifika, shi ne jagoran masu cewa a kori antirenar. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, da muke kira Mushe shi ne jagoran masu cewa a ba shi lokaci. Abin ya kai har buta biyu ake ɗorawa, don ɓangaren yayana sun rantse ba za su sha shayin ƴan allo ba.

"Mushe, balo fa ba lissafi ba ne," in ji yayana. "Da ƙafa ake buga shi, ba da alli ba."

"Da ƙafar kuka buga shekara da shekaru, ina kofin?" in ji Mushe. "Kullum jiya i yau."

Ni kuwa ina kan keken ɗinki, in na ce wannan yana da gaskiya kaɗan, wancan ma yana da ita, sai su haɗu su ce mini jemage. A kan wannan kaɗai bakinsu ke zama ɗaya.

Duk lalacewar ekip, muna da abin taƙama guda: golanmu. Ɗan wani ƙauye ne kusa da Dogo, dogo siriri, marar magana. Ba don shi ba da tuni mun faɗa aji na biyu. A wajena yake ɗinke wandunansa, yana kirana Baba tela. Yayyensa maza duk sun tafi ci-rani arewa, mahaifinsa kuma gwiwa ta ci shi, don haka gonar gidansu a wuyansa take.

Akwai al'adar da muka tarar. Ƙarshen gasar balo kan zo daidai da faɗuwar damina, ƴan wasanmu da yawa kuma ƴaƴan manoma ne. To in ruwan shuka ya sauka, marigayi shugaba kan ba da mota, yayana ya ja, mu magoya baya mu cika ta da sungumi, mu je mu shuka gonar ɗan wasa, shi kuma ya tsaya ya buga mana. Ba wanda ya rubuta wannan a doka. Gayya ce kawai, ana yi ana waƙa, kafin azahar an gama.

A waccan shekara ruwan ya sauka ran Juma'a da asuba, ruwa mai kyau. Wasanmu na ƙarshe kuma ran Lahadi ne, in muka faɗi mun sauka daga ajin farko. Antirenar ya riga ya tara ƴan wasa wuri ɗaya, ya ce duk wanda ya kwana a waje ba zai buga ba.

Bayan an sauko daga masallaci gola ya leƙo shagona.

"Baba tela, an yi ruwa a garinmu. Na roƙi antirenar, ya ce shuka ba ta cikin tsarinsa. Parzidan kuma bai ɗaga waya ba. Laimar nan ba za ta wuce kwana biyu ba, ka sani."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ai yana da mutane.

Da la'asar na tsayar da keke na kawo maganar a fada. Ina tsammanin kafin in rufe baki za a fara neman sungumi. Sai yayana ya kurɓi shayi ya ce:

"Parzidan ba ya ce zamani ya kawo mana ba? To zamanin ya je ya yi shuka. Ba zan tuƙa mota in ceci mai allo ba. Gara a sha kashi ran Lahadi, Litinin ya tattara kayansa."

"Yaya, ekip ɗin fa tamu ce."

"Tamu ce a dā."

Na juya wajen Mushe. Shi kuma ya gyara gilashinsa ya ce wannan gayyar ita ce irin abin da ya hana mu ci gaba. Ɗan wasa ɗan wasa ne, manomi manomi ne. In muka je, mun nuna wa antirenar cewa ba mu yarda da tsarinsa ba.

Wallahi ji na yi kamar in kifar da butocin nan biyu. Maza cike da tabarma, kowa na rantsuwa zai iya mutuwa don ekip, amma ba mai iya riƙe sungumi na rabin yini. Aka bar maganar gona aka koma kan ko ya kamata a buga da ƴan baya huɗu ko biyar.

Asabar da safe na hau babur ni kaɗai na nufi Dogo. Na tarar da mahaifin gola a bakin gona da sanda, matarsa da ƴaƴansa mata biyu riƙe da ƙoƙon iri. Ya kalli hanya a bayana, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce mini sannu da zuwa. Bai tambayi kowa ba, kuma na fi son da ya tambaya.

Rabona da sungumi tun ina yaro. Ina sara, mata na bi suna jefa iri suna binnewa da diddige. Kafin rana ta take tsaka hannuna ya yi ƙulu-ƙulu da bororo, gonar kuwa ko kusurwarta ban ci ba. Can sai ga gola ya ɓullo daga wajen kwalta da jakarsa a kafaɗa. Ashe labarin fada ya isa gare shi. Na ce ya koma tun ba a farga ba. Ya ce ya riga ya yi wa antirenar sallama, bai gudu ba. Ya dubi tafin hannuna, ya buɗe jaka ya ciro safar hannunsa ta tsaron gida.

"Sa wannan, Baba tela."

Ran Lahadi ba mu gama ba, ƙasa kuma ta fara bushewa, don haka na tsaya. Muka rataya rediyo a reshen gawo. Da aka zuba mana ta farko, gola bai ɗaga kai ba. Cewa kawai ya yi, yaron nan da ya ci mu kullum hagu yake bugawa. Da aka zuba ta biyu sai ramukan da yake sara suka ƙara zurfi har uwarsa ta ce ya sassauta, irin ba zai fito ba. Muka gama shuka, ekip ta sauka. Da zan hau babur na miƙa masa safarsa, ya ce in riƙe, shi ya gama da ita.

Litinin da la'asar na iso fada, na ga abin da na daɗe ban gani ba: buta ɗaya a kan gawayi, yayana da Mushe a tabarma guda. Har zuciyata ta fara sanyi.

"Zo ka zauna, jemage," in ji yayana. "Mun gano bakin zaren. Ba antirenar ba ne, ba parzidan ba ne."

"Golan nan ne," in ji Mushe. "Mutum ya gudu ya bar ekip ranar da ake buƙatarsa? Maci amana ne."

Kowa ya gyaɗa kai. Na ciro safar daga aljihu, duk ta yi jawur da ƙasar gona, na ajiye ta a tsakiyar tabarma kusa da buta.

Mushe ya dube ta, ya ture ta gefe da bayan hannu, ya jawo gwangwanin sukari.