Bencin Baya

Kafin in zama ɓarawo, mawaƙi ne ni a cocinmu da ke Tarauni, kuma mahaifiyata ce shugabar zumuntar mata. Gaskiya don 'yan mata su ji muryata nake waƙar.

Da na fara tuƙa Adaidaita Sahu a Gyaɗi-Gyaɗi, wani fasinja ya manta wayarsa a kujera. Tana ta ƙara, na kashe ta. Daga nan na daina jiran mantuwa. Wani abokina yakan zauna a baya kamar fasinja yana zare wayoyi, ni ina tuƙi. A Unguwa Uku dubunmu ta cika. Shi ya tsere, ni jama'a suka karya mini ƙafa.

A gidan yari ƙafar ta ɗoru a karkace, ƙazuwa ta cinye mini jiki. Wata Lahadi wani dattijon fursuna ɗan Filato ya ce ya ji labarin ni mawaƙi ne, in yi wa fursunoni waƙa. Ina tsaka da rerawa kuka ya ƙwace mini, domin ranar na fara jin ma'anar abin da bakina ya daɗe yana faɗa. A wannan ƙuncin na san Yesu. Ba na fatan kowa ya shiga, amma ban yi asarar zaman ba.

Da aka sake ni, dattawan coci suka sa ni ƙarƙashin horo: zama a bencin baya, ba waƙa, ba cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke karɓa. Abokai suka ce in koma cocin da ba a san ni ba. Na so in gudu, don kunya ta fi karaya ciwo. Amma na je.

Ina zama sai ga Mama ta baro kujerarta ta gaba, sanye da zanen zumunta, ta zauna kusa da ni.

"Mama, wurin masu laifi ne nan," na ce.

"Na sani. Matsa mini."

Haka muka yi ta zama har ranar da fasto ya kira sunana, ya ce horona ya ƙare. Na taka zuwa gaba ina ɗingishi, kaina a ɗage, na karɓi gurasa da ƙoƙo. Ina alfahari da wannan tafiyar fiye da duk waƙar da na taɓa yi.

Ƙannena, abin da ba naku ba ku mayar wa mai shi tun yana nema. In kuwa kun riga kun faɗi, kada ku sauya coci don ɓuya. Ku tuba a gaban waɗanda suka san ku.