Ƙodar Autan Anti Kwamfuta

A asibitin, Anti Kwamfuta kowa yake ce mata. Ofishinta ɗan ɗaki ne a bayan sashen masu ciwon ƙoda, ga fanka mai kuka, ga kujerar da ta ɗinke da hannunta. Tun tana budurwa ta kama aikin, har furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali.

Aikinta adana bayanan marasa lafiya. Bayanan kuwa a warwatse suke cikin kwamfuta, kowane iri da jadawalinsa da ake kira tebur: teburin mutane daban, na rukunin jini daban, na tiyata daban. In nas tana neman abu ɗaya, sai ta buɗe wannan ta rufe wancan, mara lafiya na zaune yana nishi. Abin ya dami Anti, sai ta haɗa musu taga guda a kwamfutar mai janyo komai ta jera shi a layi ɗaya. Dashen ƙoda ne ya ba ta wuya, don mai bayarwa da mai karɓa duk a teburin mutane suke. Da farko suna ɗaya ya riƙa fitowa a gurbi biyu, kamar mutum ya ba kansa ƙoda. Sai da ta sa tagar ta kira teburin mutanen sau biyu, sau ɗaya da laƙabin mai bayarwa, sau ɗaya da na mai karɓa, haka ma na rukunin jini, sannan abin ya zauna.

Ana nan ƙafafunta suka fara kumbura. Ta ce zama ne ya yi yawa. Likita ya gwada, ya ce ba zama ba ne. Sai ga ta kwance a sashen da ta saba wucewa tana gaida mutane, ana yi mata wankin ƙoda.

Autan gidansu, direban motar haya, wanda ta goya bayan rasuwar mahaifiyarsu, ya je aka gwada jininsa don ya ba ta ƙoda, bai shawarce ta ba. Da ta ji, faɗa ta hau shi da shi.

“Auta, 'ya'yanka ƙanana ne. Ban yarda ba.”

“Yaya, guda biyu gare ni, ɗayar zaman banza take yi. Aro zan ba ki.”

Ta juya fuska wajen bango don kada ya ga hawayenta. Ya zauna yana matsa mata ƙafa har ta daina musu.

Aka yi aikin lafiya. Da ta koma ofis, tafiyarta a hankali, nas-nas suka tare ta da guɗa har sai da shugabarsu ta tsawatar.

Yanzu in Auta ya sauke fasinja a ƙofar asibitin, sai ya leƙo ɗakinta da gorar ruwa, ya dire mata a gaba.

“Shayar min da ƙodata, kada ki bar min ita da ƙishi.”

Takan harare shi, ta shanye tas, sannan ta tambaye shi lafiyar yara.