Yaya Nasiru da Wayarsa a Kan Sitiyari

Jama'a, jiya da dare na yi wani mafarki, har yanzu da nake rubuto muku raina bai huce ba.

Yaya Nasiru shi ne babban wanmu, shi yake kai Umma asibitin ido duk sanda likita ya ce ta dawo. Mutumin kirki ne, amma in yana tuƙi, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a waya. In na yi magana sai ya ce, "Ke Bilki, tun kina firamare nake jan mota."

To a mafarkin, ga ni a bayan motarsa da rana tsaka, Umma a gefena an rufe mata idon hagu da auduga. Da farko hanyar asibiti ce sak. Sai kawai titin ya kutsa tsakiyar kasuwar kayan miya, an baje tumatir da tattasai har kan kwalta, mutane suna ta darewa. Yaya ko ɗagowa bai yi ba. Babban yatsansa sai zarya yake a kan waya, yana murmushi shi kaɗai. Na leƙa ta kafaɗarsa in ga wane saƙo ne wannan da ya fi ran Umma daraja. Wallahi musun ƙwallo ne da abokansa. Musun ƙwallo!

Na ce, "Yaya, dubi gabanka." Ya ci gaba da danna wayarsa. Na ɗaga murya, muryar ta ƙi fita. Na kai hannu in fizge wayar, sai kujerarsa ta yi nisa, kamar motar ta ƙara tsawo.

Sai kawai ga wata mata mai goyo tana tsallaka titi, da kwandon alayyafo a kai, sanye da atamfa shuɗiya. Ta juyo ta dube mu. Ba ta yi gudu ba, don ta ɗauka an gan ta. Na ji ƙarar bugun da motar ta yi mata har cikin haƙorana. Alayyafo ya rufe gilashin gaba, takalminta ɗaya ya maƙale a jikin madubi. Umma ta laluba hannuna ta ce, "Nasiru, me muka taka?" Shi kuwa yana ƙarasa rubutunsa.

Sai kawai muka tsinci kanmu a zaman makoki, a wani gida da ban sani ba, mai dogon zaure babu rufi. An shimfiɗa tabarmi. Abin da ya fi ƙona min rai, Yaya ne zaune a tsakiya ana yi masa jaje, kamar shi aka yi wa rashi. Kowa ya shigo sai ya dafa shi ya ce, "Ƙaddara ce, Alhaji, sai haƙuri." Wayar tana ƙarƙashin cinyarsa tana kawo haske, shi kuma yana satar kallonta.

Ni Musulma ce, na yi imani da ƙaddara. Amma a wurin nan ji na yi kamar in kife tabarmin da kowa. Wa ya tilasta masa ɗaukar wayar? Wa ya riƙe masa wuya ya hana shi kallon titi? An kashe mace da ranta da lafiyarta, an bar jariri, sannan a lulluɓe maganar da kalma ɗaya a tashi?

Can gefe, bakin ƙofa, wani mutum yana tsaye da jaririn a kafaɗa, an naɗe shi da zanen goyon matar. Ba wanda ya gaya min, amma na san mijinta ne. Babu wanda ya yi masa gaisuwa. Bai yi kuka ba, bai yi faɗa ba. A hankali ya nuna Yaya da wayarsa ya ce, "Don Allah, me aka rubuto masa?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Ya sake tambaya. A karo na uku ya ratso mazan nan duka, ya wuce Yaya, ya zo ya tsaya a gabana. Ya miƙo min jaririn ya ce, "Baiwar Allah, ke kin gani. Me aka rubuto masa?"

Amsar tana bakina, harshena ya yi nauyi kamar dutse. Jaririn ya damƙe min mayafi. A nan na farka, jikina sharkaf da gumi, haƙorana a cije.

Na yi tofi ta hagu, na nemi tsari, amma fuskar mutumin nan ta ƙi barin idona, kuma ban taɓa ganinsa ba a duniya. Masu ilimin fassara, ku taimake ni. Gargaɗi ne aka yi mana, ko haushin da nake haɗiyewa ne ya biyo ni cikin barci? Kuma ga mai tuƙin nan zaune, me ya sa ni aka zo aka tambaya?