Zakaran Iyo Mai Man Shanu

Kullum da la'asar Safia mai shayi tana ganin wani dattijo a bakin teku, wajen unguwar Ruwais a Jidda. Tumbi a gaba, tsohuwar lambar yabo a wuya, yana mulke damatsansa da man shanu, wai haka zakarun iyo na da suke yi saboda sanyi. Sanyi a Jidda! Yana cewa sau bakwai ya haye kogin Kwara da ƙuruciya. Ita dai a ganinta umara ya zo ya maƙale.

Ran nan yana cikin wuwwurga hannuwa a iska ruwa ya lashi ƙafarsa, sai ya tattare jallabiya ya ja baya.

"Yalla, faɗa mana, Baba," in ji Safia, "ai gida yana tsallaken nan."

Ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya rufe gwangwanin mansa.